Shekara huɗu ina kallon taurari a Mabera ta Sakkwato, har yau ban samu abokin kallo ba

Mai Madubi, Mabera:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Akwai wata damuwa da na daɗe ina juyawa a zuciya, na ga ya dace in kawo ta gabanku ko Allah zai sa in dace da shawara. Kusan shekara huɗu ke nan da na kamu da sha'awar kallon taurari. Abin ya faro ne a yammacin 21 ga Disamba, 2020, ranar da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) suka kusanci juna bayan magariba har ido ya riƙa ganinsu kamar tauraro guda. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo, jama'a suna ta wucewa zuwa harkokinsu, babu wanda ya ɗaga kai. Bayan 'yan watanni na tara kuɗin da zai iya sayen tunkiya mai kyau, na sa aka kawo mini ƙaramin madubin hangen nesa daga Kano, mai faɗin baki milimita 70, da ƙafafunsa uku.

Da wannan madubi na ga ramuka da duwatsun da ke jikin wata, na ga 'yan watanni huɗu da ke zagaya Mushtari, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, kuma kowane dare sai in tarar sun canza wuri. Daren da na fara ganin zoben Zuhal kasa haƙuri na yi, na tashi maiɗakina daga barci wajen ƙarfe biyu. Ta leƙa, ta ce masha Allah, ta tambaye ni ko na kulle ƙofar zaure, ta koma ta kwanta.

Tun daga lokacin babu irin gayyatar da ban yi ba. Na ɗauki madubin zuwa majalisarmu bayan isha'i, abin da na samu shi ne laƙabin "malamin duba", wanda har yanzu bai sake ni ba. Wani abokin aikina ya ja ni gefe, da gaskensa, ya roƙe ni in duba masa tauraron yarinyar da yake nema. Na buɗe rukuni a WhatsApp na saka mutum ashirin da uku, kafin wata biyu ya koma wurin tallar atamfa da gardamar ƙwallo, ni da kaina na fice. A tsakiyar watan Oktoban 2024, da tauraruwa mai wutsiyar nan da masana suka raɗa wa Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana a yamma, na gayyaci mutum goma sha biyar, biyu suka zo, ɗayansu kuma yana hango ta ya ce tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, ya hau babur ɗinsa. Akwai kuma daren da na fita bayan gari ta hanyar Dange don guje wa hasken fitilun titi, 'yan banga suka kewaye ni suna zaton makami na kafa, sai da na roƙi babbansu ya sa idonsa ya ga wata kafin suka bar ni na tafi. Ban ga laifinsu ba, domin kowa ya san halin da ake ciki, amma daga ranar ban sake fita daji da dare ba.

Tambayata ita ce, ta wace hanya mutum zai jawo ko da mutum uku ko huɗu su shiga abin da yake so, a garin da kowa ke ganin abin nan ko dai wauta ne ko kuma hanyar bokanci?

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, zan faɗa maka abin da abokanka suke faɗa a bayan idonka, tun da ni ba na jin nauyinka. Magidancin da ya wuni a rana yana neman abin da zai kai gida, a wannan tsadar da mudun gero ya zama abin lissafi, idan ka ce ya bar shimfiɗarsa ya zo ya leƙa wani ɗigo a sama, tambayar farko da zai yi ita ce me za a samu. Mai kiwon tantabara yana sayar da 'yan shila, mai kallon ƙwallo yana da abokan gardama washegari, mai zuwa kallon dambe ya san sunan wanda ya kashe da wanda aka kashe. Kai idan ka dawo daga kallonka, me ke hannunka? Ban ce haramun ne ba, wannan na malamai ne, amma ban ga dalilin da zai sa ka yi mamakin rashin mabiya ba.

Malamin Zaure, Ƙofar Atiku:

Tun da Alhaji ya miƙo mana, bari in ce wani abu, domin laƙabin nan na "malamin duba" shi ne babban shingen da ke gabanka, ɗana, kuma bai kamata ka ɗauke shi wasa ba. Malamai sun daɗe da raba ilimin taurari kashi biyu. Akwai wanda suke kira ilimin tasiri, wato a ce tauraro kaza ne ke kawo arziki ko tsiya, ko a duba wa mutum aure da tafiya da ciniki da shi. Wannan shi ne abin da aka hana, kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya yi magana mai tsanani a kan wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. A nan garin ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗin jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari, saboda haka tsoron da mutanenmu suke yi yana da tushe, ba jahilci ne kawai ba.

Kashi na biyu shi ne ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi. Aya ta 16 a Suratun Nahli ta ce da tauraro suke shiryuwa, aya ta 97 a Suratul An'am ta ambaci shiryuwa da taurari cikin duffan tudu da teku, aya ta 5 a Suratu Yunus kuma ta ce an ƙaddara wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wanda ya san yadda husufi ke faruwa ya fi kowa fahimtar wannan hadisi.

Kuskurenka, a ganina, shi ne ka bar mutane suna kiranka da sunan ba tare da ka yi musu wannan bayani ba, kana dariya kana zaton raha ce. Wanda ya nemi ka duba masa aure ya nuna maka cewa wasu ba raha suka ɗauke ta ba.

Mai Madubi, Mabera:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara, kuma gaskiya ne ban taɓa zama na rarrabe musu ba. Shi kuwa Alhaji, amsar da zan iya ba shi ita ce babu abin da ke hannuna idan na dawo. Sai dai idan na dubi Kaza da 'Ya'yanta na tuna cewa hasken da ke shiga idona ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, wato tun kafin a haifi Shehu Usmanu a 1754 da shekaru fiye da 150, sai in ji damuwar ofis da ta kuɗin haya sun yi mini sauƙi. Na san wannan ba ya sayen gero.

Mai Tantabara, Gidan Igwai:

Ni kuwa ina ganin tambayar ce tun farko ba ta zauna daidai ba. Yayana, don me sai ka samu mabiya? Shekara goma sha ɗaya ina kiwon tantabara, kuma ba don 'yan shila nake yi ba kamar yadda Alhaji ya zata, abin da nake kashewa a kan dawa da magani ya ninka abin da nake samu. Ban taɓa gayyatar kowa ba. Waɗanda suke zuwa wurina yanzu, su huɗu, kowannensu da ƙafarsa ya zo bayan ya ga tashin tantabaruna da yamma ya tsaya yana tambaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan ka matsa wa mutane, ko wanda yake da ɗan sha'awa sai ya ja baya, domin ba wanda ke son a mayar da shi ɗalibi bayan ya gaji da aikin yini. Ina zargin cewa idan mutum ya leƙa madubinka ba ka barinsa ya kalla cikin natsuwa, sai ka tsaya a kansa kana zuba masa nisan kilomita da sunayen Turawa. Idan na yi maka ƙazafi ka yafe mini.

Mai Madubi, Mabera:

Ba ka yi mini ƙazafi ba. Maiɗakina ma ta taɓa cewa da zan yi shiru da ta fi jin daɗin kallon.

Malamin Gona Mai Ritaya, Wurno:

Jikana ne ya nuna mini wannan muhawara, na ce ya ba ni wayar in rubuta da hannuna. Yaro, na yi shekara talatin da biyu ina aikin gona tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, kuma abin da kake cewa babu mai sha'awarsa, da shi muka tashi. Mahaifina bai taɓa riƙe kalanda ba, amma ya san masaukan wata ashirin da takwas da ka, kowanne kwana goma sha uku, in ban da Jabha mai kwana goma sha huɗu, idan ka haɗa sai ka samu kwana 365 cif. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Na damina yana jero mana su kamar karatun allo: Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Bai taɓa cewa tauraro ne ke kawo ruwa ba, Malam ya kwantar da hankalinsa; abin da yake cewa shi ne idan tauraro kaza ya kama, manomi mai hankali ya gama shuka, idan kaza ya kama, wanda bai yi maimai ba ya makara. Idan Kaza da 'Ya'yanta ta ɓace daga yamma a ƙarshen bazara, sannan ta dawo tana fitowa gabas kafin alfijir, tsofaffi sun san inda shekara ta kai ba tare da sun tambayi kowa ba.

Mu kuma yara muna kwance a tabarma tsakar gida, babu fitila sai aci-bal-bal, iyayenmu mata suna nuna mana Zara matar wata idan ta fito kusa da jinjirin wata, da Gamzaki wanda fatake da masu zuwa gona da nisa suke tashi da shi. Ranar husufin wata kuwa gari ya ɗauka da kiɗan gwangwani, yara suna cewa rana ta kama wata, manya suna masallaci.

To ka ga kai ka zo wa mutanen Sakkwato da kayan gidansu, amma ka naɗe shi cikin tsummar baƙi. Da ka zo Wurno ka ce za ka nuna wa tsofaffi Zira'a da Haƙa'a da idonsu, waɗanda da yawa daga cikinsu sunan kawai suka gada ba su san inda suke a sama ba, da ba ka rasa tabarmar zama ba. Ka san su kuwa? Ko na Turawan kawai ka sani?

Mai Madubi, Mabera:

Baba, Allah ya ƙara girma. Kunya ta kama ni, domin sai da na je na bincika kafin in amsa. Zira'a ita ce taurari biyun nan masu haske da nake kira Castor da Pollux, Haƙa'a kuma 'yan ƙananan taurari uku ne da ke kan siffar da Turawa ke kira Orion, Dabaran shi ne jan tauraron da ke bin Kaza da 'Ya'yanta a baya. Shekara huɗu ina kallonsu, ban taɓa haɗa su da abin da nake ji a bakin manoma ba. Kakana na wajen uwa yana cewa "wanga tamraro ya kama", ni kuwa ina ɗaukar maganar tsofaffi ce kawai.

Ɗalibar Kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Ina neman izinin iyayena in sa baki. Maganar Baba ta fi ƙarfin yadda ya faɗe ta, domin sunayen da ake kira na Turawa da yawansu ba nasu ba ne. Aldebaran shi ne Dabaran, Rigel daga rijlu ne, wato ƙafa, Altair daga aɗ-ɗa'ir, wato mai tashi, Deneb daga zanab, wato wutsiya. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta bayanin taurari a shekarar 964, kuma a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare da yanzu aka san tarin taurarin Andromeda ne, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana. A daren da babu wata kuma babu hazo, wanda ke ƙauye yana iya ganinsa da ido.

Wani abin da ba mu daraja shi ba shi ne wurin da Allah ya ajiye mu. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka muna ganin tauraron arewa wanda ba ya gusawa, ƙasa-ƙasa da shi, kuma muna ganin Suhailu da sauran taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Matsalarmu ita ce lokaci: daga Yuni zuwa Satumba hadari, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sama, ruwan taurarin da ake yi a 12 da 13 ga Agusta kusan kullum gajimare ke cinye mana shi. Waɗannan makonni da muke ciki, bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya kankama, su ne mafi kyau a shekara.

Shawarata ita ce Yaya ya jingina abin da ganin wata. Nan ne fadar Sarkin Musulmi, nan duk ƙasa ke sauraro a daren 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramadan, kuma babu gidan da ba a damu da jinjirin wata ba. Idan ya riƙa kafa madubinsa a ranar 29 ga kowane wata, ba zai rasa masu tsayawa ba.

Malamin Zaure, Ƙofar Atiku:

'Yata, bayaninki ya yi kyau, amma shawarar ƙarshe tana buƙatar linzami. Duban wata abu ne da ake so kowa ya yi, kuma fada da kanta takan yi kira a fita a duba. Sai dai sanarwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, bayan hakimai da kwamitin ganin wata sun tantance shaidu. Abin da nake jin tsoro shi ne saurayi mai madubi da manhaja a waya ya fara rubutawa a Facebook cewa wata ba zai ganu ba yau, ko kuwa an yi kuskure jiya. Mun ga yadda irin wannan ke raba masallatai, kuma wanda ya shiga cikinta sunan da zai samu ya fi "malamin duba" muni. Idan ya gani ya kai wa hakiminsa, idan bai gani ba ya naɗe madubinsa ya yi shiru.

Ɗalibar Kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Na fahimta, Malam, kuma ban yi nufin ya zama mai sanarwa ba. Sai dai ina ganin shirun ma yana da iyaka, domin idan wani ya nuna Zara ya ce wata ne, ko ya ce ya ga jinjiri a gabas da magariba, wanda ya sani bai kamata ya kame bakinsa ba.

Malamin Zaure, Ƙofar Atiku:

Ya faɗa wa mutumin a kunnensa, ko ya faɗa wa masu tantancewa. Abin da na hana shi ne hawa intanet da ita.

Malamar Firamare, Runjin Sambo:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura cewa tun daga farko maza ake ta gayyata, maza kuma su ne suka fi kowa jin kunyar a gan su suna mamakin abu. Magidanci ba zai so ya durƙusa gaban abokansa yana leƙen bututu yana cewa kai, kai ba. Yara ba su da wannan girman kai, mata kuma ba a taɓa tambayarmu ba. Shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji biyar cewa duniya tana zagaya rana, wata yana zagaya duniya a nisan kilomita kusan 384,000, ina zana da'ira a allo da alli, ni kaina ban taɓa ganin ramin wata da idona ba. A ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da rana ta yi husufi har duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, mu nan Sakkwato muka ga ta ragu sosai, ina ɗaliba a kwalejin ilimi, kuma na tuna yadda aka kulle mu a ɗaki aka hana mu fita, babu wanda ya yi mana bayanin komai.

Malam Mai Madubi, ba za mu bi ka hanyar Dange da dare ba, kuma bai kamata ka nema ba. Amma gidanmu yana da soro mai faɗi da matakala mai kyau, maigidana ya amince. Ka zo da maiɗakinka, ka koya mata saita madubin tun a gida, ita ta tsaya da mata da 'yan mata a sama, kai ka zauna a ƙofar gida da maza har mu gama, sannan a sauko muku da shi. Sharaɗina guda ne, kada a zo da shi da rana, domin na san yara, wani zai juya shi ya dubi rana ya rasa idonsa.

Mai Madubi, Mabera:

Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi wa maiɗakina maganar ina ɗar-ɗar, sai ta ce ai ta daɗe da iya saita shi, tana fito da shi idan na yi tafiya, ba ta faɗa mini ba ne don kada in mayar da ita 'yar makaranta. Ina ba da shawarar Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024, domin a daren wata zai kasance rabi, kuma a lokacin ne inuwa ke fito da ramukansa. Cikakken wata haske ne kawai mai kashe ido. Zara tana yamma bayan magariba, Zuhal yana sama, gabas da wata, ko da yake zobensa ya yi siriri bana saboda yana dab da juyo mana gefensa a watan Maris na 2025. Mushtari zai fito gabas bayan isha'i, kusa da Dabaran.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa:

Har yanzu ban ga abin da za a samu ba. Amma 'ya'yana mata biyu sun karanta saƙon Malama a wayata, sun hana ni sakat. Zan kawo su in jira a mota.

Mai Madubi, Mabera:

Assalamu alaikum. Ga bayanin yadda ta kasance jiya, kamar yadda na yi alkawari. Mata bakwai da yara goma sha shida suka hau soro, maza biyar muka zauna a ƙasa. An samu ɗan hazo a gabas, kuma fitilar titin da ke kusurwar gidan ta dame mu har sai da aka rataya tabarma ta tare ta. Abin da ya faru a sama maiɗakina ce ta ba ni labari: wata yarinya ta ƙi sakin madubin tana cewa wata ya yi tsatsa, wata dattijuwa kuma ta leƙa ta ja da baya tana salati, sannan ta koma layi sau biyu. Ƙaramin yaro guda ya ture ƙafar madubin, gilashin leƙe ɗaya ya faɗo daga soro ya tsage, saura guda gare ni yanzu. Zuhal bai burge yaran ba, sun ce ƙwallo ne aka soke da tsinke.

Da aka sauko da shi na riƙe bakina kamar yadda Mai Tantabara ya ce, kuma na sha wuya. Alhaji ya fito daga mota da kansa wajen ƙarfe tara da rabi, ya dubi Mushtari ya daɗe, ya ƙirga 'yan watannin, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da irin wannan madubi a Kano da kuma ko ana samun sari. Daga majalisarmu ta Mabera, waɗanda na shekara huɗu ina bi, ko mutum ɗaya bai zo ba.

Baba ya zo daga Wurno tun la'asar tare da jikansa, ya nuna mana Kaza da 'Ya'yanta da sandarsa kafin in gano ta, sai dai mun rabu da gardama. Na ce masa Zara da Gamzaki abu guda ne, duniyar Zuhura ce, takan yi watanni tana bin rana a yamma, ta ɓace, sannan ta riga rana fitowa a gabas, zagayen yana ɗaukar kwana 584. Bai yarda ba.

Malamin Gona Mai Ritaya, Wurno:

Ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Mace da namiji ba sa zama abu guda don yaro ya sayi madubi. Yau da asuba da na fito alwala na ga tauraro mai haske a sama, alhali Zara ta faɗi tun daren jiya a gabanmu duka.

Ɗalibar Kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Baba, wanda ka gani da asuba a yamma yake ko a gabas? Idan ya karkata yamma, Mushtarin da kuka kalla jiya ne ya ƙetare sama cikin dare. Akwai hanyar raba gardamar ba tare da madubi ba. Ka sa ido a kan Zara daga yanzu: za ta yi ta ƙara haske har cikin Fabrairu, sannan ta riƙa gangarowa wajen rana, kafin ƙarshen azumin da ake sa ran kamawa a farkon Maris na 2025 za ka neme ta a yamma ka rasa. Bayan 'yan kwanaki, wajen ƙaramar salla, Gamzaki zai fito gabas kafin alfijir, kuma duk tsawon watannin da zai yi yana fitowa ba za ka ga Zara da magariba ba ko sau ɗaya.

Malamin Gona Mai Ritaya, Wurno:

A yamma yake, wannan na ba ki. Sauran kuma sai na gani da idona, in Allah ya kai mu. Yaro, ka shirya ka zo Wurno da madubinka a goman ƙarshe na azumi, ka kwana biyu a gidana, mu duba yamma bayan shan ruwa mu duba gabas bayan sahur. Akwai tsofaffi uku a unguwarmu da suka fi ni sanin masaukan wata, na riga na gaya musu abin da ka ce game da Zara, ɗayansu ya ce a kawo ka ya ji daga bakinka. Ka taho da maiɗakinka, tun da ita ce ta iya saitawa.